Wanzami Ba Ya Son Jarfa: Tarihin Masu Jinyar Ƙuryar Zuciya, Daga Biyana Zuwa Gusau



Duk wanda ya saba da littattafanmu na soyayya ya san wannan wurin: an raba yarinya da wanda take so, ta daina cin abinci, ta rame ta lalace, rannan sai ta yanke jiki ta faɗi. A kwashe ta sai asibiti. Likita ya fito yana goge tabarau, ya ja mahaifinta gefe ya ce masa 'yarsa tana da damuwa a ranta, in ba a yi hattara ba zuciyarta na iya bugawa. Daga nan sai a nemo saurayi a ɗaura aure, ciwo ya tafi. To a rayuwa ta zahiri damuwa ba ta tafiya da ɗaurin aure, kuma likitan da ya faɗi sunanta ba shi da sukunin zama ya ji daga ina ta taso, domin ga layi can yana jiransa. Tambayar da ta sa na ɗauki biro yau ita ce, wane ne aikinsa ya zauna ya saurari mai damuwa har ya kai ga gindin abin, kuma wa ya koya masa? A Turai akwai masu wannan sana'a, suna da ɗakunansu, suna karɓar kuɗinsu, an fi shekara 100 ana yi. A ƙasarmu ta Zamfara ma an yi masu aiki makamancin wannan tun kafin Bature ya zo, sai dai da wasu sunaye. Ina so in jera tarihin biyun kusa da juna, saboda akwai wani sharaɗi guda da suka haɗu a kansa, wanda mu a yau muke neman yar da shi.

Yadda sana'ar ta faro

A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, tsakanin 1880 da 1882, wani likita mai suna Josef Breuer ya yi jinyar wata budurwa 'yar masu hali, Bertha Pappenheim, wadda hannu da ƙafa suka riƙa shanye mata, magana ta riƙa ɗauke mata, alhali an duba jikin ba a ga komai ba. Akwai lokacin da ta yi makonni ba ta iya shan ruwa duk ƙishirwar da take ji. Wata rana tana cikin ba shi labari sai ta tuno ta taɓa ganin karen wata mai yi musu aiki yana lasar ruwa a kofi, ƙyama ta kama ta amma ta haɗiye ba ta ce komai ba. Tana gama amayar da wannan labari da fushin da ke tare da shi, sai ta nemi ruwa ta sha. Ita ce ta raɗa wa abin suna maganin magana. Masu tarihi daga baya sun gano ba ta warke sarai a lokacin ba, sai da aka sake kwantar da ita, amma dai an ga wata ƙofa.

Wanda ya shiga ƙofar shi ne abokin Breuer, Sigmund Freud, wanda ake furta sunansa Furoid. An haife shi a 1856, ya buɗe ɗakin duba majinyata na ƙashin kansa a Biyana a 1886, sannan a 1895 shi da Breuer suka fitar da littafi a kan irin waɗannan majinyata. A ƙarshen 1899 ya fitar da babban littafinsa na fassarar mafarki. Abin da ya zo da shi, in za mu kwatanta da gidan Bahaushe, shi ne zuciyar mutum tana da zaure tana da ƙurya. Zaure shi ne abin da ka san kana tunani, wanda za ka iya shigo da baƙo ya gani. Ƙurya kuwa can ake jibge abin kunya, da tsoron yarinta, da fushin da ba a isa a nuna wa iyaye ba, har mai gidan ma ya manta da su, amma ba su daina motsi ba. Suna fitowa ta mafarki, ta suɓul-da-baka, ta ciwon da babu shi a gwajin jini, ko ta mutum ya riƙa maimaita aure iri ɗaya yana mutuwa ta hanya iri ɗaya. Wani likita a birnin Zurik na Siwizalan, Eugen Bleuler, shi ya ba wannan fanni sunan da za mu iya cewa ilimin zurfin zuciya.

Aikin kansa ba shi da allura ba shi da ƙwaya. Majinyaci zai kishingiɗa a doguwar kujera, likita ya zauna ta bayan kansa inda ba ya ganinsa, a ce masa ya faɗi duk abin da ya faɗo masa a rai ba tare da tacewa ba. Furoid yana ganin majinyacinsa kwana 6 a mako, awa guda kullum, kuma awar nan tamkar haya ce, ko ka zo ko ba ka zo ba sai ka biya. Ana iya shekaru ana haka. Na yau sun rage, wasu sau ɗaya ko biyu a mako, zama na minti 50, kuma da yawa fuska da fuska suke zama. A Jamus tun 1967 inshorar lafiya ta gwamnati take biyan kuɗin wannan jinya, amma a yawancin ƙasashe aljihun majinyaci ne, shi ya sa aka daɗe ana yi mata kallon jinyar masu kuɗi.

Jarfar wanzami

Ba a daɗe da fara sana'ar ba aka gano haɗarinta. Mutumin da ya yi wata da watanni yana zazzage maka cikinsa zai fara ɗora maka fuskar ubansa ko ta uwarsa, ya so ka irin son da bai samu ba, ko ya tsane ka da laifin da ba kai ka yi ba. Kai ma mai sauraro kana da taka ƙuryar, in ba ka san abin da ke cikinta ba sai ka juye wa majinyaci. Carl Jung, wanda ake furtawa Yung, likita ne a Zurik da aka haifa a 1875, ya haɗu da Furoid a 1907, ya zama shugaban farko na ƙungiyarsu ta duniya da aka kafa a 1910, kafin su ɓata a 1913. Shi kansa Yung ya taɓa afkawa cikin wata alaƙa ta zuciya da majinyaciyarsa Sabina Spielrein, abin da ya kai har wasiƙu suka riƙa kai-kawo tsakaninsu da Furoid a 1909. Daga ɓangaren mutanen Zurik ɗin nan aka fara cewa duk mai son ya binciki zuciyar wani, dole shi ma ya fara kwanciya a binciki tasa, kuma Furoid ya yaba musu a kan haka a rubuce a 1912.

Bahaushe ya ce wanzami ba ya son jarfa. To a wannan sana'a sai an yi wa wanzami jarfa kafin a miƙa masa aska. A 1920 Max Eitingon da abokansa suka buɗe cibiya a Barlin inda talaka ke samun jinya kyauta ko da ɗan abin da ya sawwaƙa, kuma a nan aka kafa horon a kan duwatsun murhu uku: ɗalibi ya zama majinyaci a hannun wani babba, ya yi karatun littattafan fannin, sannan ya fara karɓar majinyata yana kai rahoton kowane zama ga wani gogagge da zai duba inda ya karkace. A 1925 ƙungiyar ta kafa kwamitin horarwa wanda ya shimfiɗa wannan tsari a sauran ƙasashe. Almajiran Yung suka buɗe tasu makarantar a Zurik a 1948 da tsari makamancin wannan. Har yau ɗalibi yakan yi shekara 4 ko fiye bayan digirinsa, ya kwashe ɗaruruwan awoyi yana zaune a matsayin majinyaci, kuma da kuɗinsa. Ba lallai ya zama likitan asibiti ba, domin Furoid ya yi rubutu a 1926 yana kare waɗanda ba likitoci ba, 'yarsa Anna ma malamar makaranta ce kafin ta shahara a jinyar yara. In ya gama ya buɗe ɗakinsa, dokoki na biye da shi: sirrin majinyaci ba ya fita, ba soyayya ba kasuwanci tsakaninsu, kuma akwai ƙungiyar da za a kai ƙararsa ta kore shi.

Kada mai karatu ya ɗauka duk abin da Furoid ya faɗa yankan wuƙa ne. Mutumin bai yarda da addini ba, ya rubuta littafi a 1927 yana kiransa ruɗu, kuma ya rataya kusan komai a wuyan sha'awa, wanda a kan haka ne ma Yung ya rabu da shi. Wani masani ɗan Sudan, Farfesa Malik Badri, ya fitar da littafi a 1979 yana gargaɗin Musulmi masu wannan karatu kada su bi Turawa ido rufe. Abin da nake so mu riƙe daga tarihinsu shi ne tsarin horon, yanzu kuma mu dawo gida mu ga ko baƙo ne a wurinmu.

Girka a gindin dutse

In ka baro Gusau ka nufi Tsafe, Dutsen Kwatarkwashi zai tare maka ido, a cikin ƙaramar hukumar Bungudu. Garin sananne ne a tarihi da riƙo da addinin gargajiya na Maguzawa har bayan jihadi da daɗewa. A irin wannan duniya, da ma cikin birane a gidajen magajiya, in mace ta kamu da ciwon da ya gagari sassaƙe da saiwa, kamar shanyewar gaɓa, yawan ɓari, firgita cikin dare ko zama shiru ba magana, sai a ce iska ce ta taɓa ta, a kai ta wurin 'yan bori. Su a wurinsu iskoki gari guda ne da su mai suna Jangare, da sarki da fadawa, kowanne da halinsa: Ɗan Galadima ɗan sarki mai ɓarnar dukiya, Malam Alhaji tsohon malami mai tari, Kuturu, Sarkin Rafi, Inna Bafilatana mai shanye gaɓa. Aikin farko shi ne a gano wane ne daga ciki ya kama ta, kuma me yake so.

Maganin shi ne girka. Za a keɓe majinyaciya kwana 7 ko fiye a hannun uwar girka ko uban girka, ana ba ta jiƙo da turare, masu garaya ko goge ko kiɗan ƙwarya suna kiran iskokin ɗaya bayan ɗaya, har ta koyi yadda iska ke hawa da yadda ke sauka da atishawa. Dangi su ke biyan kuɗin, da kaji da awaki da tufafin da iskar ke so. Ba a cewa an kori iskar, cewa ake an daidaita su, ta zama goɗiyarsa, namiji kuma doki. Ga inda maganar take: a cikin waɗanda aka girka ne, bayan shekaru suna bin manya, ake samun masu girka wasu. Wanda ba a girka ba ba ya girka kowa.

Turawa masu bincike sun lura da wannan. Manjo Tremearne ya fitar da littafi a kan bori a 1914, kuma da yake gwamnatin Ingila ta hana wasan a Arewa, sai da ya bi Hausawan Tunis da Tarabulus ya same shi a fili. A 1972 wata Bafaranshiya, Jacqueline Monfouga-Nicolas, ta fitar da nazarin da ta yi a kan matan bori na ƙasar Maraɗi, inda ta auna abin da ma'aunin ilimin zurfin zuciya. Abin da irin waɗannan masana suka hango shi ne, macen da kunya da kawaici suka hana ta cewa kishiya ta ƙone mata rai, ko rashin haihuwa ya hana ta barci, in iska ta hau ta sai bakin ya buɗe a gaban jama'a, kuma ba mai riƙe ta da laifi domin ba ita ta faɗa ba. Ba ina kiran kowa ya koma bori ba ne, hukuncinsa a wurin malamanmu sananne ne, kuma an ci dukiyar mutane da yawa da sunansa. Tarihi nake bayarwa, tarihin kuma ya nuna kakanninmu sun san akwai ciwon da ke zaune a ƙurya, sun ware masa lokaci, sun kuma gindaya wa mai maganinsa sharaɗi.

Zauren malam

Gida na biyu shi ne zauren malam, kuma nan ma ƙasar Tsafe tana da abin faɗa. 'Yandoto, wadda har yau Sarkin Tsafe ke ɗauke da sunanta a sarautarsa ta 'Yandoton Tsafe, tana cikin tsofaffin garuruwan ilimi na ƙasar Hausa, ɗalibai na zuwa daga nesa. Malamanta da yawa sun ƙi bin Shehu Usmanu, har Muhammadu Bello ya ci garin da yaƙi wajen 1806. Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau wajen 1811, daga cikin jama'ar Shehu na wannan yanki ya fito. Masu jihadi sun yaƙi bori, amma sun san ba a raba mutum da abin da yake jingina da shi a bar shi a tsaye haka nan. Sarkin Musulmi Bello ya rubuta littattafai da dama a kan magani, Nana Asma'u kuma a 1839 ta tsara littafin Tabshirul Ikhwan a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani, sannan ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke zagaya ƙauyuka suna karantar da mata, a gurbin da a da inna da magajiya suka riƙe.

Malamin zaure yana da kayan aikinsa. Mai damuwa zai zo bayan sallar asuba ko da dare in ɗalibai sun watse, ya durƙusa ya karanta abin da ke damunsa, malam ya yi istihara, ya yi rubutu a allo a wanke a sha, ya ba da wuridi, a ajiye masa ɗan abin sadaka a gefen buzu. Mafarki ma yana da babi, domin tun ƙarnoni kafin Furoid malamanmu sun karanta cewa mafarki iri uku ne, akwai bushara daga Allah, akwai tsoratarwar Shaiɗan, akwai kuma zancen zuci, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa. Littafin fassarar mafarki da ake jinginawa ga Ibn Sirin har yau ana sayar da shi a bakin masallatan Juma'a. Kai, akwai ma wani malami, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, da ya rubuta littafi ya raba baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce mai shi yana buƙatar wani daga waje ya riƙa yi masa magana. Malik Badri ɗin nan ya fassara shi zuwa Turanci a 2013.

Horon malamin zaure dogo ne. Daga allo zuwa sauka, daga sauka zuwa littattafan ilimi ɗaya bayan ɗaya a gaban malami, kuma laƙani ba a ba yaro sai ya yi shekaru yana hidima an ga nutsuwarsa. A wajen 'yan ɗariƙa abin ya fi fitowa fili, kamar yadda aka sani a zawiyoyi irin ta Shehu Balarabe a Gusau: ba ka yi wa muridi tarbiyya sai kai ma wani shehi ya yi maka, ya san cututtukan zuciyarka na girman kai da hassada da son a sani, sannan ya ba ka izini. Sharaɗin nan dai ne ya sake dawowa cikin rawani.

Turu, mari da asibiti

Akwai ciwon da ya fi ƙarfin zaure, wato in mutum ya fara duka da tsirara. Shi wannan tun da can turu ne makomarsa, a sa ƙafarsa a gungume. Bature da ya ci Sakkwato a 1903 bai zo da abin da ya fi haka ba sosai. Ya buɗe gidan mahaukata a Yaba ta Ikko a 1907, ya yi dokar mahaukata a 1916, a Arewa kuwa gidajen yari ne suka riƙa tsare da yawansu. Damuwar da ba ta kai ga hauka ba, ba ta cikin lissafinsa. Yung da kansa ya je gabashin Afirka a 1925, ya zauna da mutanen Dutsen Elgon a Kenya, inda wani tsohon boka ya shaida masa cewa sun daina yin manyan mafarkai tun zuwan Ingilishi, tunda yanzu Di'o ne ya san komai.

Wanda ya fara sauya tafiyar a Nijeriya shi ne Dokta Thomas Adeoye Lambo, mutumin Abekuta da ya yi karatun ƙwaƙwalwa a Ingila. A 1954 ya fara tsarin ƙauyen Aro, inda majinyaci ke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansa, yana zuwa asibiti da rana, kuma Lambo ya jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su. Ya kai har mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A Dakar ta Sanagal ma wani likita Bafaranshe, Henri Collomb, ya bi irin wannan hanya a asibitin Fann tun daga 1959. Mu a nan, har bayan da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, in abu ya yi tsanani sai dai a ɗauki mutum zuwa Kware ta Sakkwato, tafiyar sama da kilomita 200 daga Gusau, ko Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano. Likitan ƙwaƙwalwa yana shan karatu, shekara 6 a jami'a sannan wasu shekarun na ƙwarewa, kuma ƙwayoyinsa suna ceton rai. Sai dai a 2022 ƙungiyarsu ta ce ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Mutum ɗaya da ke da irin wannan layi, ina ya ga minti 50 da zai ba kowa?

Zamanin ruƙya

Daga shekarun 1990 sai wani gida ya buɗe. Ɗaliban da suka dawo daga jami'o'in Saudiyya da littattafai irin na Wahid Abdussalam Bali suka yaɗa ruƙya, wato karanta wa majinyaci Alƙur'ani a kori aljani, ba a daidaita da shi ba. A ƙarshen 1995 ɗaruruwan 'yan mata a makarantun sakandare na Kano suka riƙa faɗuwa suna wata rawa da aka kira Sumbuka, kuma masu ruƙya ne aka kira, daga nan sunansu ya cika gari. A ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000, dokar ta tanadi hukunci mai tsanani a kan tsafi da maita, sai bori ya ƙara shigewa ɓoye. Yau ka zaga Tudun Wada, Sabon Gari, Samaru ko Tashar Magami, allunan da za ka gani na kemis ne, da asibitocin kuɗi, da shagunan magungunan Musulunci masu zuma da habbatus sauda da man zaitun.

Ruƙya tana da asali a addini, kuma akwai masu tsoron Allah a cikinta da ke cewa majinyaci ya tafi asibiti in sun ga abin na asibiti ne. Matsalar ita ce ƙofarta ba ta da mai gadi. Wanda ya haddace ayoyin a wata guda ya sayi lasifika, gobe yana iya kafa allo, ba wanda ya zaunar da shi ya duba nasa son kuɗin ko son matan, ba wanda zai kai wa rahoton abin da ya yi a ɗaki da 'yar mutane. Kuma sau da yawa da aljanin ake hira, ita mai ciwon ba a tambaye ta mi ya same ta ba. Ƙarshen rashin mai gadi mun gan shi a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, sannan aka bi da na Daura da Katsina da Zariya.

Inda muke yau

Duk wannan tarihi da zai zama hira ce kawai in da ƙasarmu na zaune lafiya. A watan Yunin 2013 'yan bindiga suka kashe mutum 48 a Kizara ta ƙasar Tsafe. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A ranar 22 ga Satumban 2023 aka shiga Sabon Gida ta ƙasar Bungudu aka ɗauki ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, wasu sai da suka yi watanni a daji. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Wanda aka sako, dangi za su taru a yi masa barka, a kai shi asibiti a ƙara masa ruwa, a ce ya yi haƙuri ya manta, ƙaddara ce. Bayan wata uku ƙarar babur na sa shi fitsari a wando, matar da aka dawo da ita ba ta yarda mijinta ya matso kusa, yaron da ya ga an yanka ubansa ya daina magana. Mun iya cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma abin da aka cusa a ƙurya yana nan yana motsi, kuma yaran nan su ne magidantan gobe.

Ba na jin mafita ita ce mu jira ranar da za a kafa doguwar kujerar Furoid a Kantin Daji, domin manomin da ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin fansa ba shi da na hayar awa. Amma tsarin nan mai duwatsu uku ba shi da tsada haka. A Zimbabuwe wani likita, Dixon Chibanda, ya fara horar da tsofaffin mata wajen 2006, suna zama a benci a harabar asibitin unguwa suna sauraren masu damuwa zama 6, ana bibiyar aikinsu, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna abin yana aiki. Da ma tsohuwar zuma da ita ake magani. A Ibadan da Kumasi, Farfesa Oye Gureje da abokansa sun haɗa masu maganin gargajiya da na addini da ma'aikatan asibitin unguwa suka yi aiki tare, sakamakon da suka buga a 2020 ya nuna majinyata sun fi samun sauƙi. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba majinyaci haƙƙin a riƙe masa sirri da mutuncinsa.

Muna da kwalejin kiwon lafiya a Tsafe, muna da makarantar jinya da ungozoma a Gusau, muna da malaman Islamiyya mata a kowace unguwa, jikokin jajis ɗin Nana Asma'u. A cikinsu za a iya zaɓar masu nutsuwa a koya musu sauraro, a fara da zaunar da su su ma a ji nasu, tunda babu gidan da wannan masifa ba ta leƙa ba, sannan a haɗa kowanne da wani babba da zai riƙa duba aikinsa, a kuma koya musu gane ciwon da ya wuce su don su tura Kware da wuri. Masu ruƙya na gaskiya su ma su yi wa sana'arsu ƙofa da mai gadi, kafin ɓata-gari su gama zubar mata da mutunci. Kai kuma ɗan uwa, kafin ka miƙa matarka ko ƙanwarka ga duk wani mai magani, likita ne ko malami, ka tambaye shi a gaban wa ya zauna, shekara nawa, kuma wa yake kai wa rahoton aikinsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya dawo mana da waɗanda ke daji, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.